Ba Wanda Ya Ƙi

Tambuwal,
9 ga Afrilu, 1962.

Zuwa ga Adda Hinde,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Maccido da yara, da dukan mutanen Tungar Na'iya. Ni lafiyata lau, ban da zafin garin nan da ya sa na koma kwana a tsakar gida. Dogo mai jakai, wanda zai kawo miki wannan wasiƙa, ya ce yanzu kina rubutu da hannunki, wai ke kika zo ta ɗaya a ajin yaƙi da jahilci na Fakku. To, na gani a ƙasa. Ki ba ni amsa da kanki, kada ki sa malamin aji ya rubuta miki.

Ga labari. An ba ni kujerar magatakardan majalisar yanki, wadda ke zama nan Tambuwal sau huɗu a shekara, har da wakilan ƙasar Kebbe. Ni ke tsara abin da za a tattauna, ni ke karanta takardu, ni ke rubuta abin da aka yanke. Ba ni da ƙuri'a, amma alƙalamin a hannuna yake. Kuma aikin farko da aka ba ni shi ne rubuta sabuwar doka ta tsare ruwan sha: duk tafkin da mutane ke sha, ba za a bar shanu su kusance shi ba. Kwana shida na yi ina gyara ta. Shugaban majalisa ya karanta ya ce ko a Kaduna ba a fi haka ba. Ban yi masa gardama ba.

Wanda ya kawo shawarar ba wani ba ne, Baffa Attahiru ne. Kin san tun da kurkunu, ciwon nan na shan ruwan tafki, ya kwantar da ɗansa Sama'ilu damina guda, ba shi da zance sai na ruwa. Yana cikin dattawan da aka naɗa a majalisa. Ga kuma Maccido, jama'ar Fakku sun zaɓe shi wakili. Kin ga ke nan gidanmu ya sami mutum uku a ɗaki ɗaya. Ki ce wa Maccido ya wanke babbar rigarsa, zama yana nan bayan babbar salla.

Ƙaninki,
Abdulhamidu.

*

Tungar Na'iya,
27 ga Afrilu.

Zuwa ga Malam Magatakarda,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, sai ɗiyata Safiyatu da ta yi kwana uku da zazzaɓi, ta ji sauƙi. Ga rubutun nawa, in ka ga layi ya karkace, tabarma ce ba tebur ba.

Na taya ka murna. Amma Hamidu, wa ya ba ku wannan dabara? Ku ɗauki mutum ku zaunar da shi ɗaki ɗaya da surukinsa, ku ce ya yi magana? Baffa ne ya riƙe mu tun da Baba ya rasu, shi ya kai ka makaranta, shi ya ba da ni aure. Shekara goma sha huɗu ke nan mai gidan nan bai taɓa cin abinci inda Baffa yake ba. Sunansa ma ba ya faɗi. In ya hango shi a kasuwar Kebbe, takalmi yake cirewa tun daga rumfar masu gishiri. Shi ne zai tashi tsaye a gabansa?

Abin da ya sa nake wannan magana, ran Laraba wani malamin duba-gari ya zo a kan keke. Bai nemi kowa ba. Ya zagaya tafkin Na'iya sau biyu yana ƙirga taku, ya tambayi mata masu ɗibar ruwa ko nan suke sha, suka ce i. Ya rubuta, ya hau kekensa. Tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Ka san ba mu da wani ruwa da rani. Tafkin Gawo da muke kai shanu muna yara ya cike da yashi, shekara biyar ke nan ko tsuntsu ba ya sauka. Rijiyar tunga mutane ma ba ta isarsu. In aka hana shanu tafkin Na'iya, ba shanun kaɗai aka kora ba. Ka duba mini, sunan tafkinmu yana cikin takardarka?

Yayarka,
Hinde.

*

Tambuwal,
24 ga Mayu, 1962.

Adda,

Barka da salla. Na gode da man shanu, ya iso bai zube ba. Allah ya ƙara wa Safiyatu lafiya.

Lokacin da wasiƙarki ta zo na duba, tafkuna takwas ne a jerin, babu namu. Har na shirya yi miki tsiya. Amma ranar zama, da na gama karanta dokar, shugaba ya tambaya ko akwai mai ƙari. Baffa ya dogara sandarsa ya tashi. Ya ce, "Akwai tafki guda da anka manta. Nan ɗana yas sha ciwo, nan uwar wanga magatakarda tas samu ɗingishin da ta mutu da shi. A sa tafkin Na'iya. Shanu na da Tafkin Gawo, su tafi can."

Adda, bai sani ba. Idonsa ya yi rauni, shekara takwas bai taka tunga ba, yana tsammani Tafkin Gawo yana nan yadda ya bar shi. Na dubi Maccido. Tun da aka shiga bai hau benci ba, ya ajiye takalmansa a waje ya tsuguna kusa da ƙofa, sai da masinja ya yi ta lallashinsa ya ɗosana a gefe. Shugaba ya ce, "Akwai wanda bai yarda ba?" Ya jira. Maccido yana kallon tabarma. Ka'ida ita ce in ba wanda ya ɗaga hannu, an yarda ke nan. Na rubuta a littafi: ba wanda ya ƙi. Tafkinmu ya zama na tara.

Amma kada gabanki ya faɗi, doka ba ta zama doka a rana ɗaya. Daga nan za ta tafi majalisar En'e, hukumar gargajiya, a Sakkwato. In sun yarda, ta wuce Kaduna a duba ko ta saɓa wa wata doka. Sannan ta dawo a manna ta a ƙofar ofishin kowane uban ƙasa kwana talatin, don mai kuka ya kawo kukansa a rubuce. Wakilin wurin shi ke kawo takardar koken, a karanta ta a zaman Oktoba. In majalisa ta ga gaskiya, sai a cire sunan kafin Minista ya sa hannu. Ƙofar ke nan, kuma guda ɗaya ce. In ya sa hannu aka buga a Gazet, jaridar dokokin gwamnati, an gama.

Ku rubuta koke. Ku faɗi maganar Tafkin Gawo a fili. Sauran ki bar mini, ai aikina ne.

Abdulhamidu.

*

Tungar Na'iya,
30 ga Agusta.

Hamidu,

Gaisuwa. Muna lafiya, damina ta yi kyau, gero ya fara fitar da kai. Wasiƙa biyu na aiko maka, ban san ko sun iso ba. Hanyar Kebbe zuwa Tambuwal ta yanke tun farkon wata, Dogo ya ce jakinsa ɗaya ya nutse har wuya a laka.

An manna takardar. Ba wanda ya gaya mana, ni na je Kebbe kai nono na gan ta a bangon ofis, ruwa ya jiƙa rabinta. Da na ƙirga, saura kwana goma sha ɗaya. Na tsaya na karanta ta tun daga sama, mutane suna kallona. Na gane maganarka a ciki, kai kaɗai ke cewa "ko da wane irin dalili". Tun kana yaro haka kake.

Zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Daga nan na wuce gidan Baffa, da niyyar in ce masa Tafkin Gawo ya mutu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya yi murna, ya sa aka kawo mini fura, ya ce, "Ɗiyata, kin ji abin da niy yi muku? Ɗiyanki ba su ƙara shan ruwan kashin shanu." Yana faɗi yana dariya, idonsa yana ruwa. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa mun gode, Allah ya ƙara girma. Na dawo gida da ƙwaryar goro a kai. Ban taɓa jin haushin kaina kamar ranar ba.

Don haka na rubuta koken. Ba mu ce a soke dokarka ba. Mun ce a raba tafkin yadda kakanni suka yi: gabas na mutane, a kewaye da ƙaya, yamma ta shanu. Mun faɗi maganar Tafkin Gawo. Na bi gida gida da tawadar makaranta, magidanta arba'in da uku suka dangwala yatsa. Tsoho Ɗanmaliki ya ce, "In dai ɗan'uwanki na can da alƙalami, mi muka tsoro?" Malamin ofishin Kebbe ya buga hatimi cewa takardar ta zo cikin lokaci, ya ce wakili ya kai ta zama da hannunsa.

Mai gidan nan ya naɗe ta a fata ya sa a ƙarƙashin matashi. Kullum da safe sai in ji shi a bayan garke yana gwada abin da zai ce, shanu suna kallonsa. A can bakinsa yana buɗewa sarai.

Hinde.

*

Tambuwal,
19 ga Oktoba, 1962.

Adda,

Ina fata kuna lafiya. Ni lafiya. Aiki ya yi yawa, shi ya sa wannan gajeriya ce.

An yi zama ran Talata, an tashi lafiya. Maccido ya zo, takardarku ta iso hannuna. Baffa yana gaishe ku. Zan rubuto da bayani in na sami sarari.

Abdulhamidu.

*

Tungar Na'iya,
28 ga Oktoba.

Ƙanena,

Alhamdu lillahi. Da Dogo ya miƙo mini wasiƙarka na karanta a tsaye, na yi guɗa har maƙwabta suka fito. Na gaya musu takarda ta isa hannun Hamidu, an tashi lafiya. Ɗanmaliki ya yanka zakara. Mata sun fara saro ƙaya don shingen gabas, sun tara ta a gindin gawon da ke bakin tafkinmu.

Mai gidan nan kam tun da ya dawo ba a jin bakinsa. Na tambaye shi yadda aka yi, ya ce, "Na ba magatakarda." Shi ke nan. Na ce to ai ka sauke nauyi, ka ci abinci. Ina tsammani kunyar Baffa ce take damunsa, ganin an karanta koke a gabansa. Za ta wuce.

Yaya Baffa ya ɗauki abin? Bai yi fushi ba ko? Ka rubuto duka, har yadda fuskarsa ta yi. Ga wake da kubewa busasshiya.

Hinde.

*

Tungar Na'iya,
16 ga Disamba.

Hamidu,

Lafiya kuwa? Mako bakwai ba amsa. Dogo ya ce ya ba ka wasiƙata hannu da hannu, ka sa a aljihu ba ka buɗe ba, ka ce kana sauri. Ya ce ka rame.

Jiya mutum biyu suka zo da amalanke, suka sauke turaku na itacen ƙirya guda goma sha biyu a bakin tafki. Na ce na shingen gabas ne? Suka ce su ba su san gabas ba, an ce su kewaye duka. Ba su kafa ba tukuna, wai suna jiran takarda daga Kaduna. Turakun suna nan kwance, yara sun daina wasa a wurin ba wanda ya hana su.

Mai gidan nan ya fara abin da ban gane ba. Ya gyara tayukan da ake ɗora wa shanu kaya a ciki, ya sayi igiyoyi sabbi, ya tafi kwana uku wajen wasu Fulani da suka san hanyar kudu. Na ce ina za ka? Ya ce tambaya kawai yake yi. Ya bar zuwa bayan garke da safe.

Na sake ɗauko wasiƙarka ta Oktoba na karanta a hankali. Ka ce takarda ta iso hannunka. Ba ka ce an karanta ta ba. Ni na ƙara wannan da bakina, na gaya wa mutum arba'in da uku. Hamidu, don Allah, ina takardar nan take yanzu?

Hinde.

*

Tambuwal,
20 ga Janairu, 1963.

Adda Hinde,

Ban san yadda zan gaishe ki ba. Lafiyar jiki ina da ita.

Takardar tana cikin akwatina, a naɗe a fatarta.

Ranar zama Maccido ya tare ni a bakin ƙofa. Ya ce, "Malam, na gwada, ba ni iyawa. Kai ka karanta takardu. Karanta wagga, ni ko in ɗaga hannu, ko da kaina na ƙasa." Ya yi abin da zai iya, Adda. Kada ki ƙara ganin laifinsa. Na karɓa na sa ta a saman fayil.

Da aka zo kan dokar, shugaba ya ce, "Magatakarda, akwai koke?" Kafin in amsa, Baffa ya juyo wajen da ya ji muryata. Ya ce wa na kusa da shi, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ɗana na. Ni nis sai da saniyata nik kai shi makaranta. Shi yar rubuta dokag ga." Dattawa suka yi ta sa albarka. Ni kuwa ga takarda a gabana wadda layinta na farko ke cewa Baffa bai san abin da yake faɗi ba. In karanta ta, a gaban mutum talatin, da bakina. Na ji yatsuna sun tura ta ƙarƙashin fayil. Na ce, "Babu, ranka ya daɗe."

Maccido ya ji. Bai ɗago ba. Shugaba ya tambaya ko akwai wanda bai yarda ba, na sake rubuta kalmomin nan huɗu.

Na yi ta gaya wa kaina zan je gidan Baffa in faɗa masa mu biyu, ya janye da kansa. Sau biyu ina hawa mota zuwa Kebbe. Na farko na gaishe shi na dawo. Na biyu ko ƙofar ban shiga ba. Ni da na yi miki dariya a raina ranar da kika ce kin dawo da goro.

Minista ya sa hannu ran bakwai ga wata. An buga a Gazet. Doka za ta fara aiki ran ɗaya ga Fabrairu, kuma sanarwar da za a kafa a bakin kowane tafki ni aka sa na rubuta, guda tara, da hannuna. Na tambayi shugaba yadda ake cire suna daga doka. Ya ce hanyar da ta bi ta shiga ita za ta bi ta fita: wani ya kawo shawara a zaman Afrilu, a kai Sakkwato, a kai Kaduna, a manna kwana talatin, a dawo. In komai ya tafi daidai, wata tara.

Ban nemi ki yafe mini ba, don ban ga ta inda zan fara ba. Ina jin tsoron amsarki, amma shirunki ya fi ba ni tsoro.

Abdulhamidu.

*

Tungar Na'iya,
18 ga Fabrairu, ashirin da uku ga azumi.

Hamidu,

Muna lafiya. Shanu ne ba lafiya.

An kafa turakun. Ranar da aka kawo sanarwa, ɗan doka ya buga ta a jikin gawo, bisa tarin ƙayar da mata suka saro. Ya ce wa ya iya karatu a nan? Duk aka juyo aka dube ni. Na karanta musu, tun daga sama har "ko da wane irin dalili". Ɗanmaliki ya matso ya ƙura wa takardar ido, ya ce, "Hannun ƙanenki na? Yana da kyau." Ya juya ya tafi. Ban gaya musu inda yatsunsu suke ba, kuma ba zan gaya musu ba.

Kwana goma sha bakwai ke nan muna jan rijiya, mutane da shanu layi ɗaya. Tun hantsi guga ke fitowa da laka. Maruƙa biyu sun mutu. Shanu suna jin ƙamshin tafki, sai su tsaya a bakin turaku suna kuka, ɗan doka yana zaune a inuwa. Wata tara kake faɗi. Shanun nan ba za su kai mako biyu bayan salla ba.

Gida bakwai za mu tashi kashegarin salla, mu yi kudu. Gonar Baba na bar wa Ɗanmaliki ya noma. Kabarin Inna ban san wa zan bar wa ba.

Shekaranjiya Baffa ya zo. Ya ji labari a masallaci, ya sa Sama'ilu ya ɗora shi a jaki da azumi a bakinsa. Ya ce a kai shi Tafkin Gawo. Muka kai shi. Ya sauka, ya yi ta tafiya cikin yashi yana caka sanda, yana neman inda ruwa ya fara. Sai da ya ƙetare zuwa wancan gefen. Ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Ku ukku kuna nan. Ɗiyata ta zo gidana, ɗana na riƙe da alƙalami, surukina na zaune gabana. Sau biyu anka tambaya, ina saurare. Mi niy yi muku da ba wanda za ya ce mani, Baffa, ba haka ba na?"

Mai gidan nan yana tsaye nesa, takalmi a hannu. Ni ma ban amsa ba. Har a ranar ban amsa ba.

Ya ce in gaya maka ka sa sunansa a zaman Afrilu, shi da kansa zai tashi ya ce a cire tafkin Na'iya. To, ka sa. Ka gyara maganar ta yi kyau yadda ka iya. Na san in shugaba ya tambaya, wannan karon ma ba wanda zai ƙi.

Kada ka ba Dogo amsa, jakansa ba sa zuwa inda za mu. Ni ma ban san sunan wurin ba tukuna.

Yayarka,
Hinde.